Ranar Da Aka Kashe Wutar Motata Da Zoɓo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka yi wa akori-kurata wanka da zoɓo ba, a gaban taron mata, ni kuma ina tsaye cikin farar shadda ina ba da umarnin da babu mai saurare.

Bari in fara da gaskiya: ni ba injiniya ba ne. Ma'aikacin ofis ne, aikina jera fayil da buga hatimi. Amma tun ranar da na gyara wa maƙwabcinmu fanka a Malali (ashe soket ne kawai ya saki) 'yan layinmu suka laƙaba mini Injiniya, ni kuma ban taɓa musawa ba. Har da ƙasaita nake amsawa.

Matata Hauwa tana yin kunun aya da zoɓo na sayarwa. Shekara biyu tana fama da 'yan robobi a shagunan unguwa, sai ga wata Hajiya a Unguwar Rimi ta ba ta aikin duk abin shan bikin 'yarta. Shi ne babban aikinta na farko, kuma ta san in ya yi kyau sunanta ya shiga bakin matan manya ke nan. Matsalar ɗaya ce: kunun aya ba ya haƙuri da zafi. Ya ɗan jima babu sanyi sai ya yi tsami, ga shi bazara ce, wutar lantarki kuma sai ta ga dama.

Na ce ta bar mini komai. Firiza biyu zan ɗora a bayan mota, in haɗa su da inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, injin mota na aiki suna sanyi har a watse. Da na gwada, kafin rabin awa batir ya kwanta. Altanetar motar, wato abin da ke cajin batir in inji na juyawa, ƙarama ce, ba za ta iya ciyar da firiza biyu ba. Na yi kwana biyu ina kallon bidiyo a waya, na yanke hukunci: a sa babba. Na shiga kasuwar Panteka na sayo wadda ta ninka tsohuwar ƙarfi.

A hanya na biya wajen Malam Sani mai rewaya, wato gyaran wutar mota, a Unguwar Dosa, ba neman shawara ba, aron sifana (kuma, in an bi ta gaskiya, don ya ga abin da na sayo). Dattijo ne marar yawan magana. Ya jujjuya altanetar, ya leƙa bonet, ya taɓa wata siririyar waya da ta tashi daga tsohuwar zuwa batir.

"Yallaɓai, wannan wayar fa sai an canza ta. Wutar da sabuwar za ta turo ta fi ƙarfinta. A sa mai kauri, a sa mata fis."

Na ce, "Malam Sani, waya ai waya ce. Shekara nawa tana aiki ba ta taɓa ba da matsala ba?"

"Da ƙaramar take aiki."

Na yi masa irin murmushin da muke yi wa wanda ya zo ofis da takardar da ba ita ba. A raina na ce dabarar masu gyara ce, so yake ya karɓe aikin. Bai ja da ni ba. Ya shiga shago ya yanko wata doguwar jar waya mai kaurin babban yatsa, ya ce kyauta ce, in na tashi aiki in sa. Na yi godiya na wurga ta bayan mota.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ɗaura altanetar da hannuna. Ina murza makulli mota ta tashi, firizoji suka ɗauka. Na kira Hauwa ta zo ta gani, na kashe bayan minti goma don kada in ƙona mai. Washegari da muka gama lodi sai na ga firiza ɗaya tana zamewa, ga shi babu igiya a kusa. Idona ya faɗa kan jar wayar Malam Sani. Na ɗaure firizar tamau, har ina cewa ashe kyautar tana da amfani.

Da azahar muka isa. Na ajiye motar daidai bakin get, inji na aiki, mata na ta buɗe firiza suna rufewa, rana kuma ta take. Ni kuwa na tara wasu maza uku ina yi musu bayanin yadda wuta ke tafiya a cikin mota. Ɗayansu ya ce yana jin ƙaurin roba. Na ce wataƙila maƙwabta ne ke ƙona shara.

Ban rufe baki ba wata mata ta ƙwala ihu, "Gobara! Mota ta kama!"

Na ɗaga bonet, hayaƙi ya turnuƙe ni. Siririyar wayar nan ta yi jajir, robarta na ɗiga tana ci da wuta. Na kashe inji ina ihun a kawo yashi, a gidan da aka shafe ko'ina da siminti. Gwaggon amarya ba ta tsaya jiran yashi ba, ta suri bokitin zoɓo ta sheƙa. Sauran mata suka bi sahu. Rabi a inji, rabi a jikina. Wani direba ne ya yi hankalin cire kan batir.

Dariyar da ta biyo baya ba ta dame ni kamar fuskar Hauwa ba. Ta dafa firizar da ta daina ƙara, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Abban Walida, kunun fa?" Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Da hannu mai danƙon sukari na lalubo lambar Malam Sani.

Ba a jima ba ya iso a kan mashin ɗinsa. Ya dubi ɓarnar, ya dube ni.

"Yallaɓai, ina wayar da na ba ka?"

Na yi masa nuni da baki. Ya zagaya bayan mota, mata na biye da shi da ido, ya tsaya a kan ƙullin da na yi. Ya ɗan ja shi da yatsa.

"Ɗaurin kam ya yi kyau," in ji shi.

Har mai kiɗa sai da ya dakata don dariya. Malam Sani ya kwance wayar, ya yanke daidai tsawon da yake so, ya haɗa, ya sa fis, ya goge zoɓon da tsumma. Mota ta tashi, firizoji suka ɗauka. Hajiya uwar biki da kanta ta buɗe robar kunu ta kurɓa, ni da Hauwa muna kallon bakinta. Ta ce, "Kunu dai ya yi. Zoɓon kuwa mota ta sha, sai a tambaye ta."

Hauwa ta samu ayyuka bayan nan, ko da yake in an kira ta "mai zoɓon kashe gobara" ake tambaya. Shaddar ba ta sake fari ba. Abin da na koya shi ne, in mai sana'a ya ba ka abu kyauta, ka daure ka tambaye shi inda ake sa shi. Yanzu duk ranar da za mu fita aiki, Hauwa takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Injiniya, ka biya Malam Sani ya duba?" Kuma nakan biya.