Mai Gangar da Ya So a Kore Shi

Wani ne a Tokyo, ma'aikacin kamfanin sayar da famfon ruwa, irin mutanen nan da tunda aka haife su ba su taɓa ce wa na gaba da su a'a ba. Ko a waya yake magana da maigidansa sai ya yi ta rusunawa, har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

Maigidan nasa, Kuroiwa, a ofis kamar kowa yake: baƙar kwat, fuska ba fara'a. Amma duk Lahadi sai ya tuɓe kwat, ya zura wata doguwar riga har ƙasa, ya gangara wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Koenji, shi da abokansa biyu, su yi kiɗan Turawan nan da ake kira roka, amma irin nasu. Kun dai san irinsa. Waƙa ɗaya sai ta kai mutum bayan gari a jirgin ƙasa ba ta ƙare ba. Ba ta da amshi, ba ta rawuwa, in kuwa ka ji ta yi maka daɗi, to makaɗan ne suka yi kuskure. Masu zuwa kallo tsayawa suke ƙiƙam, hannu a harɗe, ido a rufe, kamar masu jiran sakamakon asibiti.

Wata rana suna zuƙar taliya lokacin hutun rana, sai Kuroiwa ya ce, "Kana son kiɗa?"

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe."

Da ciwon ciki aka tambaye shi ko yana so, abin da zai ce ke nan.

"Madalla. An mayar da mai gangarmu aiki can garin Sapporo. Ranar Lahadi ka zo."

Mutumin ya ja iska ta haƙora, ya karkatar da kai, ya shafa ƙeya. Ko ɗan yaye a ƙasar ya san wannan ƙi ne. Amma Kuroiwa ya riga ya mayar da fuska cikin kwano, bai gani ba.

"Ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa riƙe makaɗi ba."

"Shi ya sa na zaɓe ka. Hannunka bai lalace ba tukuna."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Fumie, har da ranar babban wasan da ƙungiyar za ta yi. Ta ajiye ludayi.

"Baban Suzu, ka san wace rana ce wannan? Ranar wasannin makarantarsu ce. Tseren da ake ɗaure ƙafar uba da ta 'yarsa."

"Kash!"

"Bara ma kash ɗin ka ce. Da hedimasta aka ɗaure ta, tsoho mai ciwon gwiwa. Kafin su iso har an fara kwashe kujeru. Yarinyar nan sai da ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. Bana ta gaya wa duk 'yan ajinsu babanta zai zo. Gobe ka je ka ce masa ba za ka yi ba."

"Ni? In dubi tsabar idon Kuroiwa in ce masa a'a? Fumie, lafiyarki kuwa?"

"To ka kwashi filonka ka koma ramin, ka riƙa kwana cikin ganga."

Tausayin 'yarsa ya kama shi. Can sai ya yi murmushi.

"Ba sai na bari ba. Su da kansu za su kore ni. Ki zuba ido."

Ranar Lahadi ya gangara ramin. Ga Obata mai jita, likitan haƙori ne, jitar tasa ma kukan injinsa take yi. Ga Chizuru mai goge, wadda ba ta magana sai da dalili. Aka zaunar da shi bayan ganguna, aka ce a fara.

Gogan naku ya rufe ido ya shiga duka kamar mai kashe kyankyasai. Ya bugi fata, ya bugi ƙarfe, ya bugi gwiwarsa. Makaɗi ɗaya ya kuɓuce, ya tashi sama, ya daki bututun ruwa, ƙwal!

Kowa ya tsaya. Mutumin ya miƙe yana neman jakarsa, ransa fari ƙal.

Kuroiwa ya tako a hankali. "Wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. A yi haƙuri."

"Mu muna bugun bakwai-bakwai, kai kana sha uku. Da muka biyo ka sha ukun, sai ka watsar da shi ka bar mu a daji!"

Obata ya ce, "Wajen bututun nan fa, za ka iya maimaitawa?"

Mako na gaba ya ƙi zuwa da makaɗa. Ya zauna, ya harɗe hannu, ya ƙi taɓa komai. Gajiyar ofis ta taso masa, barci ya kwashe shi, ya shiga minshari. Da ya farka sai ya ga makirufo a bakin hancinsa, su uku sun kewaye shi suna bin minsharin da kiɗa. In ya ja, goge ya ja. In ya saki, jita ta saki.

Chizuru ta rusuna ta ce, "Malam, mun gode da darasi."

Daga ranar kowa Malam yake ce masa, har Kuroiwa, in dai ba a ofis ba.

Ya koma gida jiki a sanyaye. Fumie ta gama jin labari ta yi tsaki.

"Kai ma dai da abin haushi kake. Mutanen da ɓarna ce abincinsu, ka ɗauki ɓarna ka kai musu? Mai kyau za ka kai musu, su ji ba za su iya ba."

"A ina zan samo mai kyau?"

"Ga malama nan a gida."

Aka ɗaure ƙafarsa da ta Suzu da tsumma. Kullum in ya dawo aiki sai su yi ta kewaya falo, tana ba da umarni. "Ɗaya, biyu! Ɗaya, biyu! Baba, ba wannan ƙafar ba!" Sun faɗi kan teburin shayi, sun faɗi kan takalma, amma a hankali abin ya zauna masa a jiki. Har a jirgin ƙasa yatsunsa ɗaya-biyu suke yi.

Ranar gwajin ƙarshe ya zauna bayan ganguna ya saki abinsa. Dum, tas. Dum, tas. Tsaf, ba gargada, irin na faretin 'yan makaranta.

Ƙafar Obata ta fara motsi da kanta. Ya sa ɗayar ya take ta. Kafaɗar Chizuru ta ɗan girgiza, kunya ta kama ta, ta juya ta fuskanci bango. Kuroiwa ya ɗaga hannu, fuskarsa ta yi fari fat.

"Malam," ya ce, "wannan ai ana iya rawa da shi."

Mutumin ya yi wuf ya miƙe. "Na ba ku kunya, ranka ya daɗe. Na zubar da mutuncin ƙungiya. Duk hukuncin da aka yanke, ko kora ce, na karɓa."

"Kora? Tunda aka haƙa ramin nan ba a taɓa samun mai ƙarfin halin da ya buga kiɗa daidai a cikinsa ba! Masu kallo za su fusata. Wasu ficewa za su yi, wasu ma har su yi mana ihu. Abin da muke nema ke nan tun muna samari! Ranar Lahadi da shi za mu buɗe."

Mutumin ya tsaya baki buɗe. A zuci ya hango Suzu a bakin layin tsere, riƙe da tsumma, tana waige-waige. Ya hango hedimasta yana ɗingisowa wajenta. Sai wani abu ya taso masa tun daga cibiya, ya biyo maƙogwaro, ya faɗa cikin makirufon da ke gabansa.

"A'a! A'a! A'aaa! Ba zan zo ba! Na ce ba zan zo ba! Wannan ba kiɗa ba ne, tukwane ne suke gangarowa daga bene! Kai Obata, jitarka ta fi cire haƙori ciwo! Ke kuma, magen maƙwabtanmu ta fi ki iya goge! Ranar Lahadi ƙafata tana ɗaure da ta 'yata! Ba ta hedimasta ba! Ni ne ubanta! Ni! Ɗaya, biyu! Ɗaya, biyu!"

Muryar ta hau sama, ta tsage, ta koma kuka, ta dawo gurnani. Har ƙura sai da ta zubo daga rufi.

Sai numfashi ya ƙare masa. A nan ya tuna da wa yake magana.

"A gafarce ni, ranka ya daɗe!"

Ya zube zai rusuna, goshinsa ya daki farantin tagullar da ke saman ganguna, ƙwarrrang! Ƙarar ta daɗe tana kewaya ɗakin kafin ta mutu.

Can Kuroiwa ya cire tabarau, ya share hawaye da hannun riga, ya juya wajen Obata.

"Ka naɗa?"

"Tun daga a'a ta farko."

Kuroiwa ya sauke ajiyar zuciya.

"To maza a nemo wani mai ganga kafin Lahadi. Yau dai mun samu mawaƙi."