Mijin da ya cike takardar matarsa

Wa ya ba namiji izinin amsa tambayar da aka yi wa matarsa? Ku riƙe wannan, ku ji yadda muka kwashe da Malam Tanimu mai taya.

Bara ne jami'armu ta tura mu wata unguwa binciken zaman aure. Tsarin ba wuya: takardar miji daban, ta mata daban. Wanda gidansa ya fi na kowa zaman lafiya, shi za a naɗa mai ba sababbin ma'aurata shawara. Kujerar nan Malam Tanimu ya ƙwallafa wa rai.

Tun ban gama sallama ba ya tare ni a zaure. "Malama, kin zo gidan da ake nema! Shekara ashirin da biyu ko cokali bai taɓa faɗuwa da ƙarfi a gidan nan ba."

Na ce ina son ganin maiɗakinsa, Uwani.

"Tana fama da ciwon kai. Kawo takardar, za ta cike."

Ba a yi minti goma ba ya fito da ita a cike fal, da rubutu iri ɗaya da nasa sak. Wai Uwani ta ce: "Mijina ba shi da na biyu. Kullum shi ke kai 'yarmu makaranta har bakin aji."

Na kai ƙara wurin shugaban bincikenmu. Ya ce ba mu da hujja, takarda ta ba shi maki, a bar shi. Raina ya ɓaci matuƙa, amma na roƙi abu guda: kada a naɗa kowa sai matarsa tana wurin.

Ranar taron naɗin aka cika makarantar firamaren unguwa maƙil, maza gefe, mata gefe. Malam Tanimu ya sha babbar riga, ya karɓi lasifika, ya buɗe wuta.

"Angwaye, ku yi koyi da ni! Ko yau da safe ni na riƙo hannun 'yata na kawo ta makarantar nan, aji uku. Ruwa ko rana, ban taɓa fashi ba!"

Tafi raf-raf-raf!

Sai shugabar makarantar, Hajiya Kulu, ta gyara tabarau. "Malam, a gafarce ni. Wace 'yar?"

"Tawa mana!"

"Ai 'yarka ta bar nan shekara biyu ke nan. Tana makarantar kwana."

Malam Tanimu ya yi dariya, ƙeƙe-ƙeƙe, gumi na tsattsafo masa. "Hajiya, yara sun yi miki yawa, kin ruɗe. Yarinyar da ko jiya ta kawo mini ruwan alwala?"

Mai unguwa ya ce a miƙa wa Uwani lasifika. Ta tashi a natse, ta gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, wadda ke kai masa ruwa ƙanwata ce. Tamu tun bayan Sallah ta koma makaranta. Ya ma yi mata Allah ya kiyaye hanya, yana waya."

Ɓangaren mata ya fara motsi, ana toshe baki da mayafi.

Ni kuwa na miƙe da biro a hannu. "Malam, a sauƙaƙa. Faɗi sunan yarinyar, mu duba rajista."

Ya dubi sama. Ya dubi ƙasa. Ya gyara hula. Can sai fuskarsa ta washe, ya sami mafita.

"Haba Malama! Boko ya raba ku da al'ada. Ina ni ina kama sunan 'yar fari a bainar jama'a? Ai da kunya!"

Wasu dattawa har sun fara gyaɗa kai, suna cewa, "Gaskiya ne, gaskiya ne."

Uwani ba ta riga ta mayar da lasifika ba. Ta ce, "Malam, auta ce."

Ƙasa! Wani ango ya faɗo daga benci don dariya. Mai unguwa ya cusa fuska cikin rawani, kafaɗunsa na rawa. Malam Tanimu ya nemi takalmansa, ya sami ɗaya, ya fita da shi a hannu.

Don haka, magidanta, ga roƙona. In masu bincike sun zo, ku bar matanku su amsa da bakinsu. Yau kuma in kun koma gida, ku tara yaran da ke tsakar gida, ku tambayi kowa sunansa da na ubansa.