Ramin Kawu Habu

Ba zan taɓa mantawa da ni durƙushe a gindin dabino ba, ina tonon ƙasa da hannu bibbiyu kamar gafiya, ina dariya ni kaɗai don na riga kowa.

Bari in koma baya kaɗan. Lokacin motocin alhazai sun fara ture raƙuma a hanyar Jidda, kuma babu saurayi a Jarwal, unguwarmu a Makka, da ba ya mafarkin sitiyari. Ni nawa mafarkin yana hannun Kawu Habu, ƙanin babata, direban babbar mota. Ya ce zai ɗauke ni yaron mota a hajjin shekarar in ya ga natsuwata (kalmar da har yau ba mu shaƙu da ita ba).

Ran nan aka fita ƙaila wani lambu a bayan gari, wato yinin shan iska, ga inuwa ga ruwa na bin kwalbati. Dattawa suka baje tabarma da shayi, mu samari muka shiga wasan gwangwani. Mutum ɗaya ke ɓoye gwangwani da hatimin icce da 'yar tawada a ciki, ya ba da kwatance. In ka samo sai ka buga hatimin a bayan hannunka, ka mayar yadda yake, ka dawo kana taƙama. Abokina Bala ne ya ɓoye, ya ce mu nemi karkataccen dabino, abin yana inda ido ba ya zuwa.

Ina zuwa na ga sabuwar ƙasa an tara a gefen dabinon. Na ce Bala, ashe wayonka bai wuce nan ba. Ƙasar da ɗumi, na ce rana ce (Makka fa muke). Na tarar da murfin ƙarfe an liƙe bakinsa da laka, na ce lallai yau Bala ya yi ƙoƙari. Har ƙamshi na ji, wallahi na ji, amma na ce daga wajen dattawa yake tasowa. Na samo icce na ɓanɓare murfin, na ɗaga murya yadda duk lambun zai ji: "Na samo!"

Tururi ya daki fuskata. Ƙasar da na tara a baki kuma ta zube ciki gaba ɗaya, shaaa, a kan rago guda da tukunyar shinkafa.

Mandi ne, gashin rami irin na Larabawa. Ramin da Kawu Habu ya haƙa tun safe, ya yi garwashi, ya binne naman ya dahu a hankali. Kuma ba don mu ya yi ba, don babban baƙonsa ne, Balaraben da ke da motar da yake ja.

Ihun da na yi shi ya tara min jama'a. Kawu ya iso da kofin shayi a hannu, ya leƙa ramin, ya dube ni. Na fara bayanin gwangwani da hatimi, ina yi ina jin yadda maganar ke ƙara lalacewa a bakina. Mai motar ya tambaya da Larabci ko yaron da aka ce masa mai hankali ne wannan.

"Shi ne," in ji Kawu. "Ɗan nan, abin da aka binne aka liƙe da laka ma ka tono. Ina ga kayan alhazai da igiya kawai ake ɗaurewa?"

Bai dake ni ba, da ma ya yi. Zaunar da ni ya yi kusa da baƙon, ya ɗebo min saman shinkafar, inda ƙasar ta fi yawa, ya ce bismilla. Ina tauna ana jin ƙaras-ƙaras, baƙon yana ce min in ƙara, kada in ji kunya.

Bala kuwa sai da ya bari na gama, ya miƙa hannu ya zaro gwangwanin daga cikin ganyen dabinon, daidai saman inda na durƙusa. Ya buga min hatimin a goshi, wai ladan wahala.

Hajjin nan wani aka ɗauka yaron mota, ni na yi ta a ƙasa ina ɗaukar wa alhazai kaya a ka. Sunan Kura Mai Tono kuma ya bi ni har gida, babata ma da shi take kirana in za ta rufe tukunya.

Tun daga nan, in na taɓa abu na ji ɗumi, sai na tambayi mai shi. Amma ku faɗi gaskiya, ku da kuka ga sabuwar ƙasa a gindin karkataccen dabino, sama za ku duba?