Gwandar Malam Jatau

Akwai wani dattijo a Lokoja, Malam Jatau, asalinsa mutumin Katsina ne, amma aikin jirgin ruwa ya kai shi can tun yana saurayi, har ya yi ritaya bai koma gida ba. Da ya ga zaman banza zai tsofar da shi, sai ya ce bari ya mai da filin da ke bayan gidansa lambu, tunda ƙasar can ko sanda ka kafa, in ruwa ya sauka sai ta yi ganye. Ya dasa ayaba ta yi, ya sa rogo ya yi, kuɓewa da alayyafo kuwa har gajiya matarsa Hajjo take yi da rabo. Amma abin da ya ɗora wa ransa duk duniya shi ne wata gwanda guda ɗaya da ya dasa a tsakar gida. Kashin kaji nata ne, tokar murhu tata ce, ɓawon doya da ruwan wankin shinkafa duk a gindinta suke ƙarewa. Cikin zafin nan na Lokoja da mutum ke fitowa wanka yana gumi, za ka tarar da shi tsugune yana cire mata ciyawa. Gwanda ta miƙe ta wuce rufin ɗaki, ganye shar, fure kamar an yi mata kwalliyar biki. Ɗa kuwa ko na rantsuwa babu. Har shekara biyu.

Abin da ya fi ci masa rai, maƙwabciyarsa Goggo Tasalla mai ƙosai tana da bishiyar gwanda uku da ko kallonsu ba ta yi, amma 'ya'ya sun yi musu yawa har sai an tokare su da gora. Abokansa na majalisa ma ba su ƙyale shi ba. Da ya zauna sai wani ya ce, "Malam Jatau, har yanzu fa wuƙaƙenmu na aljihu, muna jiran gwanda."

Ran nan da safe sai ga abokinsa Malam Isiyaku, tsohon malamin gona, ya zo gaishe shi. Ya ɗaga kai ya dubi gwandar, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Jatau, wannan kake ta yi wa hidima? Ai namiji ne!"

"Namiji? Gwandar?"

"Dubi furen, ga shi nan yana reto a dogayen sanduna. Mace furenta manne yake da jikinta. Wannan ko shekara ashirin zai yi, ba zai haihu ba."

Malam Jatau ya ji kamar an kwara masa ruwan zafi. Ya tuna kwandunan kashin kajin da ya ɗauko a ka. Ya ɗaga murya: "Hajjo! Miƙo min gatari!"

Malam Isiyaku ya riƙe masa hannu. "Tsaya mana. In ka sare shi ka cuci maƙwabciyarka. Duk unguwar nan ban ga wani namiji ba sai naka. Ƙwari da iska ke kwasar garin furensa su kai wa nata, shi ya sa kake ganin suna ta zuba 'ya'ya."

Malam Jatau ya ɗaga kai ya sake duban gwandar. A hankali fuskarsa ta fara washewa. "Wato kana nufin duk 'ya'yan can, ubansu a gidana yake?"

"Haka abin yake."

Hajjo da ke tsaye da gatari a hannu ta ce, "Malam, na san wannan murmushin. Don Allah kada ka je ka ba da mu."

Ina! Tuni ya zura babbar riga, ya kafa hula, ya sunkuci kwando mafi girma a gidan, ya ja hannun Malam Isiyaku ya zama shaida. Suka tarar da Goggo Tasalla a ƙofar gida tana tuya, masu saye sun kewaye kaskon.

"Goggo, ina kwana? Na zo ganin 'ya'yana ne."

"Lafiya lau, Malam. Waɗanne 'ya'ya? Ɓatan yaro aka yi?"

Ya gyara tsayuwa ya zayyana mata komai, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya rufe da cewa, "Kin dai sani, ko'ina aka je ɗa na uba ne. Amma saboda maƙwabtaka ba zan matsa ba. Mu raba biyu."

Goggo Tasalla ta juya ƙosanta tas, ta tsame, ta sallami mutum biyu. Sannan ta dubi Malam Isiyaku. "Malam, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Goggo."

"To madalla. Malam Jatau, yaushe aka ɗaura auren? Ni dai ban ga goro ba, ban ga waliyyi ba."

"Haba Goggo, wane irin aure kuma? Ai ta saman katanga abin ke tsallakowa."

"Ta katanga? Tun yaushe?"

Ya ɗaga yatsu biyu yana taƙama. "Shekara biyu cur, ba fashi!"

Goggo Tasalla ta ajiye matsami ta juya ga masu saye. "To jama'a, kun dai ji da bakinsa." Sannan ta dube shi. "Malam, ajiye kwandon nan ka koma ka kawo mana namijin gwandar nan naka. Mai tsallaka katangar mutane ba 'ya'ya ake ba shi ba, bulala ake yi masa."