Yadda Na-Iya Ya Sauya wa Motar Ƙwai Murya

"Ni fa inji tsorona yake ji," in ji Na-Iya, yana buga ƙirji da sifana. "In na buɗe gaban mota na harare shi sau ɗaya, ko ciwon shekara yake yi sai ya warke. Ban buɗe gareji ba ne don kada in kashe wa kanikawa kasuwa. Su ma suna da iyali."

Matarsa, wadda ita kaɗai ce a tsakar gidan, ta ci gaba da shanyar kayanta.

Abokina, bari in gabatar maka da mutumin. Na-Iya sunan da unguwa ta laƙaba masa ne, don ba a taɓa ambatar wani aiki a gabansa bai ce ya iya ba. Gajere ne mai tumbi, yana tafiya kamar shi ya gaji titin. Shi ya gyara fankar ɗakinsu ta koma zuƙe iska maimakon hurawa. Shi ya gyara famfon gidan, tun daga ranar sai an kunna fitilar banɗaki ruwa yake zuwa.

Aikinsa na gaskiya tuƙin motar ƙwai ne. Wata farar a-kori-kura ce ta yayan matarsa, mai gonar kaji, wanda kowa ke kira Yaya. Kullum da safe Na-Iya zai loda ƙwai kiret-kiret ya kai wani babban gidan burodi, wanda cinikinsa ne ke riƙe da gonar. Yaya mutum ne mai tsadar magana. Darajar ƙanwarsa ce kawai ta sa yake riƙe da Na-Iya, kuma ya riga ya gaya masa: "Ranar da ka sa sifana a motata, ranar za ka ajiye mini makullina."

To, abin da ke cin ran Na-Iya shi ne motar ba ta da kwarjini. Lafiyarta ƙalau, amma shiru take tafiya kamar mai bin bayan gawa.

"Jiya akuya na kwance a tsakiyar hanya," ya ce wa matarsa, "na taho da mota, ko kunne ba ta ɗaga ba. Sai da na sauka na ba ta haƙuri."

"Baban yara, ƙwai fa kake ɗauka. Ƙwai ba ya son hayaniya."

"Ke me kika sani game da ƙwai? Suyarsa kawai kika iya."

Ranar hutunsa sai ga shi ya shigo gida da wani dogon abu a kafaɗa, naɗe da kwali. Ya kwance, tsakar gida ta ɗauki ƙyalli. Salansa ce irin ta motocin tsere, mai baki biyu, kana iya aske gemu a jikinta. Mai kayan gyaran da ya sayar masa ya so ya ji wace irin mota za a ɗaura wa, Na-Iya ya ce masa salansa ai salansa ce, hayaƙi ya shiga ta nan ya fita ta can, ba sai an yi mata jarrabawa ba.

"Yaya ya sani?" in ji matar.

"Yaya zai ji. Duk garin nan za su ji."

Ya shimfiɗa kwali, ya kutsa ƙarƙashin mota. Kai ya shige, kafaɗa ta shige, tumbi ya ce shi a nan zai tsaya. Sai da ya fito ya ɗaga motar da jak sannan aka samu sulhu. A ciki ya tarar kowane noti na tsohuwar salansa ya yi tsatsa ya kafe. Ya sa sifana ya ja da ƙarfinsa, ta kuɓuce, ya kai wa ƙarfe naushi da ƙashin yatsa. Matar ta ji wata 'yar ƙara daga ƙarƙashin mota.

"Lafiya?"

"Waƙa nake yi. Miƙo mini man girkinki."

Ya tuttule mata rabin kwalba a kan notin. Noti bai motsa ba, amma kiyashin unguwa suka samu labari. Suka zo a jere, suka bi ta ƙafar wandonsa suka haura. Na-Iya ya fito da baya yana rawar da ba kiɗa, yana dukan cinyoyinsa, yana cewa ai dabara ce ta manyan injiniyoyi, jini ya riƙa zagayawa.

Daga nan ya ce ƙarfi ya ƙare, saura ilimi. Ya sauke jak, ya ɗaure igiya a tsohuwar salansa, ya ɗaure ɗaya bakin a ƙofar gidan ta ƙarfe, ya shiga mota ya sa giya ya taka totur. Aka ji rugugi. Da ya leƙa madubi sai ya ga ƙofar gidansa na biye da shi a titi, tana tartsatsin wuta. Salansa kuwa tana nan daram inda take.

Ya dawo yana jan ƙofar, ya jingine ta da katanga. "Da ma na daɗe ina son in faɗaɗa mashigar nan," ya ce.

Ƙarshe dai ya sake ɗaga motar da jak, ya ɗauko zarto. Ya kwanta daidai ƙarƙashin bututun, don a cewarsa gwani ba ya aiki daga gefe, ya yi ta gurzawa. Salansar ta yanke ta faɗo masa a ƙirji, ta amayar masa da baƙin hayaƙin duk tsawon rayuwarta a fuska. Ya rarrafo waje, ba abin da ake gani sai fararen idanu.

Matar ta dube shi sama da ƙasa. "Sannu, bawan Allah. Ko ka ga mijina a ciki?"

Sabuwar salansa kuma da aka gwada, sai ta fi motar tsawo. Ta leƙo ta baya da tsayin mutum guda, in ka sha kwana da ita sai ka share masu tafiya a gefen titi. Na-Iya ya kira mai walda na bakin layi. Shi kuwa mai waldar nan ba ya gardama da mai aiki. Ko cokali ka ce ya liƙa maka a goshi, abin da zai tambaye ka kawai dama ko hagu.

"A yanke?" ya tambaya.

"Wurin ƙyallin za ka yanke? Lanƙwasa ta za ka yi, ta je ta dawo, ta je ta dawo, kamar maciji ya kwanta. Sai ka manne ta da ƙasan bodin motar, manni na har abada, ko takarda kada ta iya shiga tsakani."

Mai walda ya sa tabarau, ya yi yadda aka ce.

Da yamma Na-Iya ya tara maƙwabta. Ya ce masu ciwon zuciya su koma gida, masu jarirai su toshe musu kunne, zaki zai yi gurnani. Ya shiga, ya gyara zama, ya murɗa makulli.

Sai aka ji wata doguwar ƙara siririya, fuuuut, irin wadda babban mutum ke saki a taro ya waiga yana hararar na kusa da shi. Maƙwabta suka dubi juna. Na-Iya ya taka totur don ya rufe abin kunyar, sai motar ta buɗe baki biyu ta yi kukan jaki. Ba mai kama da na jaki ba, abokina, na jaki sak, har da shessheƙar ƙarshe. Daga can bayan gidaje jakin mai ɗiban yashi ya amsa da murna.

"Sabuwa ce," in ji Na-Iya ta taga. "Muryar ba ta buɗe ba tukuna."

Washegari, mutumin da ya sayi salansa don duniya ta ji zuwansa, shi ne ya kashe mota tun daga nesa da gona, ya sauka ya riƙa tura ta da kafaɗa. Yaya na tsaye bakin ɗakin kaji, hannu a baya.

"Lafiya kake tura mota?"

"Motsa jiki nake, Yaya. An ce in rage tumbi."

Aka loda ƙwai har sama, aka rufa da tamfol. Na-Iya na jiran Yaya ya shige ciki, sai ya ga ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

"Yau tare za mu. Mai burodi na son ya ƙara yawan ƙwan da yake saye, zan je mu yi magana."

"To Yaya, ko mu tura ta tare? Kai ma ka ɗan..."

"Tada mota."

Ya murɗa makulli. Fuuuut. Yaya ya juyo a hankali ya zuba masa ido. Na-Iya ya auna abu biyu a ransa, mutuncinsa da makullinsa, ya zaɓi makulli.

"Ni ne, Yaya. Cikina ne."

Yaya ya sauke gilas. Na-Iya ya sa giya ya taɓa totur da ɗan yatsan ƙafa, kamar mai gwada ruwan zafi. Motar ta kwarara kukan jaki, kajin gona kaf suka ɗauki kyarkyara.

"Wannan ma cikinka ne?"

"Yakan yi haka in ban karya ba."

Yaya ya dubi agogo, ya dubi ƙwai, ya dubi mijin ƙanwarsa. "Mu kai kayan mutane tukuna. Ni da kai sai mun dawo."

Na-Iya ya ƙudura a ransa cewa abu ɗaya ne zai cece shi, ya nuna wa Yaya motar ta ƙara gudu. Sai dai suna hawa babban titi suka faɗa cunkoso, mota bayan mota, ba gaba ba baya. Shi kuwa ya ce ai yanzu ne salansa za ta yi aikinta, da sun ji za su buɗe hanya. Ya riƙa taka totur yana saki, yana takawa yana saki. Ba wanda ya buɗe hanya, amma jakunan da ke jan amalanke a gefen titi suka bar inda za su, suka jero a bayan motar da kayansu da masu su, kowanne na mayar da gaisuwa. Yaya ya zame a kujera har kansa ya daina leƙowa ta taga.

Can sai ya ɗaga hanci. "Wani na dafa ƙwai a nan kusa."

"Mutanen unguwar nan sun iya girki," in ji Na-Iya.

Suka bar unguwar, ƙamshi bai bar su ba.

Mai gidan burodi, wani ƙato mai fulawa har a gira, yana bakin ƙofa yana jira. Ya ga tururi na fitowa ta ƙarƙashin tamfol. Ya yaye, ya ɗauki ƙwai ɗaya, ya riƙa cilla shi daga hannu zuwa hannu yana hura yatsu. Ya ƙwanƙwasa a bakin kwano, ba abin da ya zubo. Ya ɓare, ya gutsura, ya tauna yana kallon sama.

"Da gishiri kuka zo?"

Aka sauke kaya. Na sama sun yi rabin dahuwa, na tsakiya sun dahu tsaf, na ƙasa, waɗanda suka kwanta a kan macijin Na-Iya, sun gasu har da ƙauri. Ɗanye ko na rantsuwa babu.

"Sabon tsari ne," in ji Na-Iya. "Muna rage wa abokan ciniki wahala."

"Da dafaffen ƙwai zan kwaɓa fulawa?"

Yaya bai yi faɗa ba. Tafin hannu kawai ya miƙa. Na-Iya ya dubi makullin, ya tuna gida ba ƙofa, ga yara, ga matar da za ta tambaye shi yadda aka yi, sai tumbin nan ya saki kamar an zare masa iska. Ya ajiye makulli a hannun Yaya.

Shi kuwa mai burodi hankalinsa na wani wuri. Ya taɓa ƙasan bodin ya janye hannu da sauri. Ya shiga ciki ya fito da curin kwaɓi, ya ɗora, ya kifa kwano a kai, ya ce a ɗan tada injin. Jim kaɗan ya buɗe, ga burodi ya tashi ya yi ja, ƙamshi har titi.

"Ƙwai dai yau ban saya ba," ya ce wa Yaya. "Amma tanderuna ɗaya ya lalace. Wannan na haya ne?"

Haka aka yi. Yaya ya samo wata motar da wani direban don ƙwai. A-kori-kura kuwa aka tura ta bayan gidan burodi, aka cire tayoyinta kaf, aka ɗora ta a kan bulo, aka yi wa bodin murfin ƙarfe. Saura wanda zai riƙa taka totur. Ƙanwar Yaya ta je ta yi masa kuka, shi kuma ya nuna Na-Iya da haɓa ya ce, "Ga direba."

Na-Iya ya gaya wa unguwa an ƙara masa girma, yanzu shi ne shugaban sashen wuta. Kullum zai zo da tabarau, ya ɗaura bel, ya gyara madubi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Mai burodi na daga baya yana ba da umarni, "Ƙara wuta," motar ta yi kukan jaki. "Rage," ta yi ɗayan. In ma'aikaci ya gifta da faranti sai Na-Iya ya danna masa hon, ya ce mutane ba su iya tsallaka titi ba.

Abin ya tafi lafiya har ranar da wata jar mota ta wuce ta titin gefen katanga da gurnani na gaske, irin wanda ke girgiza haƙori. Na-Iya ya ji abin har ƙashinsa. Ya ce, "Ni za a wuce?" Ya sa giya ta ɗaya, ta biyu, har ta ƙarshe, ya nitsar da totur ƙasa, ya duƙa a kan sitiyari yana leƙen madubi. Mai burodi na ihun a rage, shi yana cewa a bari ya kamo ta a kwana. Da aka buɗe murfi, burodin rana guda ya zama gawayi.

Da yamma maƙwabciya ta hango shi ta inda ƙofa take a da, zaune a tsakar gida ya rafka tagumi. Ta tambayi matar me ya faru.

"An sake korarsa."

"Subhanallahi. Me ya yi kuma?"

"Gudun wuce sa'a."

"A wace motar?"

Matar ta yarfe rigar da ke hannunta ta rataya a igiya. "Wadda ba ta da taya."