Butar da Na Ɗaure wa Ƙyalle

Ba zan taɓa mantawa da shuɗiyar butar nan ba, ko da na so. Lokacin ina jinyar yayana Sule a asibiti a Batsari, babur ya kayar da shi a hanyar Ruma, ƙafa ta karye.

A gadon kusa da mu akwai Bala, mai sayar da abinci daga Safana, wanda tafasasshen mai ya ƙone wa cinya. Tun ranar farko aka raɗa mini cewa ɗan daudu ne, wai har maza yake nema. Ɗaliban aikin jinya da suka zo koyon aiki sai tura wa juna wankin ciwonsa suke, wani ma ya ce shi addininsa bai yarda ba. Hindatu kaɗai a cikinsu, 'yar wani malamin Islamiyya, ke zuwa ta yi masa sannu ta wanke.

Ni kuwa mutum ne mai waswasi (ina idar da alwala sai in ji kamar ban shafi kunne ba, in sake). Sai na ɗaure wa butarmu ƙyalle don kada ta haɗu da tasa.

Wata azahar na daɗe a famfon masallaci ina maimaita alwala. Ina dawowa na ga butar a ƙarƙashin gadon Bala, a jiƙe. Na ɗauke ta da yatsa biyu, na tari Hindatu na tambaye ta ko sai na wanke da ƙasa, kamar wadda kare ya lasa. A zatona raɗa na yi (ni ban iya raɗa ba). Kowa a ɗakin ya ji.

Bala ya ce a hankali, "Malam, ni na ɗauka. Yayanka ne ya yi amai, ya yi ta kiranka. Na ja ƙafa na wanke masa jiki."

Na dubi Sule, ga shi da wata riga daban, ya juya fuska bango.

Hindatu ta karɓi butar da hannu biyu. "Baba, mahaifina ya karantar da ni najasa kaf. Babu sunan mutum a ciki."

Na tsuguna ina kiciniyar kwance ƙyallen, na kasa, don ɗaurin mai waswasi ne. Na ce Bala ya yafe mini. Ya ce in bar ƙyallen, ya fi sauƙin ganewa idan an sake bukata.

Har yau ina maimaita alwala. Amma yanzu sai na fara duba wa na bari yana kirana.