Rasuwar Dogo, Kwale-kwalen Kotun Garin Gana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda har yau bai bushe ba, Malam Zarami, tsohon masinjan kotun Garin Gana da ke fadamar Guri, yana sanar da masunta da manoma da makiyaya rasuwar abokin aikinsa Dogo, kwale-kwalen kotu. Ya cika ranar Talata da azahar, kwance a kan durom uku, taku arba'in tsakaninsa da ruwa.

An sassaƙo marigayin daga maɗaci guda a shekarar 'yancin kai, ya bar duniya a shekarar da naira ta kori fam. Duk damina, in kogin Haɗejiya ya malale ya raba ƙauyuka, shi ke ɗaukar Alƙali Gana da littafinsa da butarsa, Zarami na baya riƙe da gorar tuƙi, su je har bakin gonar da ake rigima a kanta. Bai taɓa tambayar mai ƙara ɗan gidan wa ne ba. Ya ɗauki mai shanu ɗari, ya ɗauki wanda shanun suka cinye wa gero, kuma wallahi dukansu ya jiƙa musu mazaunai daidai wa daida. Ba shi da yawan magana. In an cika masa kaya ya ce ƙiii, in ya ci karo da kututture ya ce ƙum, shi ke nan. Aibinsa ɗaya yoyo, shi ma Zarami ya yafe masa duniya da lahira.

Ya tafi da alƙawari guda a wuyansa. 'Yar'azumi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar shinkafa ɗaya tal, ta kai ƙarar maƙwabcinta Sa'idu da ya ce gonar tasa ce tun kaka da kakanni. Iyakar gonakin wani ɗan kwari ne da ba a gane shi sai ruwa ya fara shigowa ya bi ta cikinsa, don haka alƙali ya ɗaga shari'a zuwa damina, ya ce sai ya gani da idonsa. Zarami ya dafa bakin Dogo ya rantse mata za su kawo alƙalin. A kan wannan rantsuwar ta zuba irinta kaf, ba ta rage ko tiya ba.

Ciwon ajali kuwa a takarda ya zo. Da rani manyan ofis suka zauna suka gano gwamnati na ɓarnar kuɗi, daidai lokacin da ake ta labarin kuɗin man fetur ya rasa wurin zama. Aka soke kotun Garin Gana, aka soke kwamitin sasanta manoma da makiyaya, aka cusa su da wasu kotuna huɗu a ɗaki ɗaya a Haɗejiya. Aka ce alƙali ya je ya huta. Madalla, ƙasa ta tsira da gwangwanin kwalta guda da marigayi ke sha a shekara.

Sai ga akawu Isa an turo shi ya adana kayan kotu. Ya tarar da Dogo inda yake yin rani kullum, a nitse cikin tafki da duwatsu a cikinsa, don kowa a fadama ya san jirgin sassaƙa in ya bushe ya tsage. Akawu ya riƙe baki, wai dukiyar gwamnati ce haka aka jefa a ruwa! Takarda ta ce a ajiye komai a busasshen wuri, nesa da danshi. Zarami ya durƙusa, ya ce ransa ya daɗe, wannan fa ba kabad ba ne, ruwan ne maganinsa. Akawu ya ce shi takardarsa ba ta ware kowa ba. Ƙarti goma suka cicciɓo bawan Allah suka ɗora a kan durom, aka shafa masa lamba da farin fenti.

Ya yi jinya wata bakwai. Zarami kan zagayo da tulu ya yayyafa masa a sace, yana hawaye, amma ina tulu ina zafin bazara! Har ruwa ya dawo ya cika fadama, marigayi na kallo daga sama, ba takardar sallama. Maganarsa ta ƙarshe ƙaras, ya dare daga hanci har wutsiya.

Sabon alƙali, a faɗi gaskiya, mutumin kirki ne. Sau uku yana zuwa gaɓa da motarsa landirofa don ganin iyakar ya yi ta danna ham. Masunta suka yi masa tayin jiragensu, aka duba doka aka ga ma'aikaci ba ya hawa abin da ba shi da lambar gwamnati. Ya ɗago hannu daga tsallake ya koma. Yanzu ruwa ya janye, kwarin ya shafe, shinkafa ta nuna, Sa'idu ya shiga da lauje.

Marigayi ya bar gora ɗaya, da ƙoƙon kwarfar ruwa, da igiya da ta tsufa a hidimarsa, da Zarami, wanda tun ranar yake zagayawa ta bayan gari don kada ya haɗa ido da 'Yar'azumi.

Jana'iza sai an samu izini daga ofis, kuma an ce kada kowa ya kuskura ya wanke gawar, don danshi. Za a karɓi gaisuwa a gindin durom na tsakiya, ranar Juma'a bayan an sauko. Malam Sa'idu, wanda rasuwar ta taɓa shi ƙwarai, ya ɗauki nauyin ciyar da 'yan zaman makoki da sabuwar shinkafa. An rasa mai dafawa, sai 'Yar'azumi ta aiko wa Zarami cewa a kawo mata, kada wata ta ɓata abin, ita ta san ruwan da shinkafar ke sha tunda ita ta shuka ta. Ta ce kuma shi za ta fara zuba wa.